Inda Ruwan Yake Tafiya: Abin da Na Koya Wajen Gasa Kukis ɗin Ot

Karo na farko da na gasa kukis ɗin hatsin ot a gida, wato wani irin biskit mai zaƙi da ake yi da ot, hatsi ɗan uwan alkama, dunƙule 12 na jera a kan tire, amma da na buɗe obin sai na tarar da guda ɗaya tak. Duk sun malale sun haɗe, sun zama wani faffaɗan abu kamar tabarma, gefunansa sun ƙone, tsakiyarsa kuma tana tafarfasa da mai. A karo na biyu na ƙara fulawa don gudun maimaita abin da ya faru, sai suka fito a dunƙule kamar yadda na saka su, busassu, masu wuyar haɗiya, zabibin da ke samansu ya yi baƙi ya koma ɗaci. Na daɗe ina ɗora laifin a kan obin ɗina, kafin na yarda cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma matsalar tana cikin kwanon kwaɓi tun kafin a kunna wuta.

Abin da ya buɗe mini ido wani ɗan lissafi ne da na yi a bayan takarda. A cikin kwaɓin da nake yi, wanda nauyinsa ya kusa kilo 1 da rabi, ba a zuba ruwa ko cokali ɗaya. Ɗan ruwan da ke ciki daga wurare biyu yake fitowa: ƙwai, wanda kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, da kuma bota, wadda ruwan cikinta bai wuce kashi 16 zuwa 18 cikin 100 ba. Idan aka haɗa ƙwai 2 da bota giram 225, ruwan da za a samu bai fi giram 110 da 'yan kai ba, wato ƙasa da rabin kofi. Wannan ɗan ruwan ne fulawa take nema, sukari yake nema, hatsin ot yake nema, busassun 'ya'yan itace ma suke nema, kuma wanda ya riga kai hannu shi ne yake ɗauka. Tun da na fahimci haka, na daina kallon wannan gashi a matsayin haɗa kayan daɗi wuri guda, na koma kallonsa a matsayin rabon ruwa kaɗan ga mabuƙata masu yawa.

Shi wannan nau'in kukis ba sabon abu ba ne. Mutanen Sukotland sun shafe ƙarnoni suna gasa wani busasshen fanke na garin ot marar zaƙi, domin hatsin yana jure sanyi da damshin ƙasarsu fiye da alkama. Mai zaƙin da aka sani yanzu a Amurka ya bunƙasa, musamman bayan kafa kamfanin Quaker Oats a shekarar 1901, wanda ya riƙa buga hanyoyin sarrafa hatsin a jikin kwalayensa. Asalinsa da zabibi aka san shi. Cakulan ya shigo daga baya, bayan da Ruth Wakefield, mai wani gidan saukar baƙi da ake kira Toll House a jihar Masacusets, ta shahara a ƙarshen shekarun 1930 da saka gutsattsarin cakulan a cikin kwaɓin kukis. Har yau akwai masu ganin cewa dole a zaɓi ɗaya, ko zabibi ko cakulan. Ni ban ga dalilin wannan gardama ba, domin tsamin ɗaya yana gyara nauyin ɗayan.

Hatsin ot da ake sayarwa kala-kala ne, kuma bambancinsu yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙwayar ot tana da mai fiye da ta alkama, kusan kashi 7 cikin 100, don haka masana'antu sukan bi ta da zafi da tururi domin kashe sinadarin da ke sa man ya lalace ya yi ɗaci. Bayan haka ne hanyoyi suke rabuwa. Akwai wanda ake daddatsawa da wuƙaƙen ƙarfe kawai ba tare da an latse shi ba, kuma wannan bai dace da kukis ba ko kaɗan, domin minti 12 a obin ba za su dafa shi ba, sai dai mutum ya ji kamar tsakuwa yake taunawa. Akwai wanda ake turarawa a latse ƙwayar gaba ɗayanta ta zama faffaɗa mai kauri, wannan shi ne abin nema. Akwai kuma mai saurin dahuwa, wanda aka yanka ƙanana aka latse shi ya yi siriri, sai kuma na nan-take, wanda aka riga aka dafa aka busar. Waɗannan biyun na ƙarshe suna shanye ruwa da gaggawa kamar soso, shi ya sa kukis ɗinsu yake fitowa da kauri, a bushe, ba tare da an ji ƙwayar hatsin a baki ba. Idan mai saurin dahuwa kaɗai ke hannu, zai yi aiki, amma ina rage fulawa da kamar cokali 2. Na nan-take kuwa, musamman wanda aka riga aka saka wa sukari da ɗanɗano a cikin 'yan ƙananan ledoji, gara a bar shi a inda yake.

Me ya sa ake saka fulawa tun da sunan hatsin ot abin yake ɗauke da shi? Saboda ot ba shi da irin gulutin ɗin alkama, wato sinadarin da ke ba kwaɓi danƙo ya riƙe kansa. Fulawa ce take taimakawa wajen ɗaure ƙwayoyin hatsin da gutsattsarin cakulan da gyada wuri guda. Amma kaɗan ake buƙata, kuma a nan ne awo yake da muhimmanci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a harkar fulawa ko kofin awo ma yana yaudara. Kofi ɗaya da aka cika da cokali a hankali yakan ɗauki giram 120 zuwa 125, amma idan aka cusa kofin cikin leda aka danno, zai iya ɗaukar giram 150. A kofi 1 da rabi, wannan bambancin ya kusa giram 40, kuma shi kaɗai ya isa ya mayar da kukis mai taushi ya zama dutse. Ƙaramin sikelin kicin shi ne kayan aikin da ya fi kowane gyara mini gashi, fiye da injin bugawa da na daɗe ina sha'awa.

Ga awon da na tsaya a kansa bayan gwaje-gwaje da dama. Bota giram 225, sukari mai ruwan ƙasa giram 200, farin sukari giram 100, manyan ƙwai 2, da ƙaramin cokali 2 na banila. A ɓangaren busassun kaya kuma, fulawa giram 190, hatsin ot giram 270, ƙaramin cokali 1 na bekin soda, ƙaramin cokali 1 na gishiri idan botar ba mai gishiri ba ce, da rabin ƙaramin cokali na garin kirfa. Sai kayan cikin: cakulan giram 150, dangin gyada (irin su walnot, almon ko kashu) giram 100, da busassun 'ya'yan itace giram 120. Wannan yana ba ni kukis kusan 32 idan kowane dunƙule ya kai giram 45.

Tabarmar da na ambata a farko, bota ce ta jawo ta. Na manta ban fitar da ita daga firij da wuri ba, sai na ɗora ta a wuta don ta yi laushi, ta narke ta zama ruwa, na ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Bota tana narkewa ne a tsakanin digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Selsiyos, amma yanayin da ake so a buga ta da sukari shi ne wajen digiri 18 zuwa 20, lokacin da yatsa zai lotsa ta ba tare da ta yi ƙyalli ko ta manne a hannu ba. A wannan yanayin, ƙwayoyin sukari masu kaifi suna huda ta suna barin 'yan ƙananan ramukan iska, kuma waɗannan ramukan ne suke kumbura a obin su ba kukis sauƙi. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, kuma da ta ji zafi sai ta gudu ta ja kwaɓin gaba ɗaya. Minti 2 zuwa 3 na bugawa sun isa, har haɗin ya ɗan yi haske. Ba kek ake yi ba, don haka babu buƙatar a yi ta bugu har ya yi fari tas, domin iskar da ta yi yawa tana sa kukis ya tashi sannan ya faɗi.

Sukari iri biyu ake haɗawa saboda kowanne da aikinsa. Farin sukari yana narkewa ya taimaka wa kwaɓi ya baje, kuma idan ya huce yana ba gefuna ƙaras-ƙaras. Mai ruwan ƙasa kuwa yana ɗauke da ragowar baƙin ruwan rake mai kauri da ake samu wajen tace sukari, wanda yake jan danshi ya riƙe shi, shi ya sa tsakiyar kukis take zama da taushi har kwana biyu ko uku. Na taɓa rage sukarin zuwa rabi da niyyar kyautata wa lafiya, sai kukis ɗin suka ƙi bajewa, suka fito fatau kamar ba su shiga wuta ba, suka bushe kafin gari ya waye. Daga nan na gane cewa sukari a gashi ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, yana cikin ginin abin. Ana iya cire kamar kashi ɗaya cikin biyar ba tare da ɓarna ba, abin da ya wuce haka kuwa wani abu dabam ake gasawa.

Wannan baƙin ruwan raken yana da ɗan tsami, kuma shi ne dalilin da ya sa bekin soda ake amfani da shi ba bekin foda ba. Soda ba ya aiki sosai sai ya haɗu da abu mai tsami, a nan ne yake fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Bekin foda yana zuwa da nasa tsamin a haɗe, don haka yana tayar da kukis sama ya mai da shi kamar ɗan ƙaramin kek. Soda yana da wani amfanin na biyu: yana rage tsamin kwaɓi, wanda hakan yake hanzarta haɗuwar sukari da furotin a cikin zafi, abin da ke ba gasasshen abu launin ruwan ƙasa da ƙamshi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, kuma da sunansa ake kiranta har yau. A kula dai kada cokalin sodan ya yi tozo, domin idan ya yi yawa ɗanɗanon sabulu yake bari a harshe.

Yanzu sai busassun 'ya'yan itace, inda na fi daɗewa ina kuskure. Ɗanyen inabi kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, amma idan ya bushe ya zama zabibi, abin da ya rage bai wuce kashi 15 ko ɗan sama da haka ba, sauran kuma galibi sukari ne. Abu mai sukari da yawa da ruwa kaɗan yana da ƙishi, kuma idan aka jefa shi cikin kwaɓi haka nan, zai fara zuƙe danshin da ke kewaye da shi, ya ci gaba da zuƙa har bayan an gasa an ajiye. Shi ya sa kukis mai zabibi yakan bushe da wuri fiye da wanda babu. Waɗanda suka leƙo a saman dunƙule kuma, tun da ba su da ruwan da zai kare su, sukarinsu yana ƙonewa ya yi ɗaci kafin kwaɓin ya nuna. Maganin abu ne mai sauƙi ƙwarai: a zuba musu ruwan zafi ya sha kansu, a bar su minti 10, a tace, sannan a baza su a kan tsabtataccen ƙyalle a tsane su sosai. Wannan tsanewar ba abin wasa ba ce. Na taɓa juye su da ruwansu a jiki, sai kowane kukis ya fito da 'yan wurare masu caɓi kewaye da kowane zabibi. Abin da ake so shi ne su ƙoshi a ciki, su bushe a waje.

Akwai wata dabara da nake bi idan ina da lokaci, wato in fasa ƙwan biyu in kaɗa su da banila, in zuba zabibin a ciki, in rufe in saka a firij na awa ɗaya. Zabibin yana shan ƙamshin banila, kuma ba a ƙara wa kwaɓi ruwa daga waje ba. Sakamakon ya fi ɗanɗano, amma kukis ɗin yakan ɗan fi kauri, tun da ruwan da zabibin ya sha daga rabon fulawa da hatsi aka ɗebe shi.

Ba dole ne sai zabibi ba. Busasshen ceri mai tsami shi ne ya fi dacewa da baƙin cakulan a bakina. Kiranberi ma yana da kyau, sai dai a san cewa kusan duk busasshen da ake sayarwa an ƙara masa sukari, saboda ɗanyensa yana da tsamin da ba kowa ke iya jurewa ba. Afirikot yana buƙatar a yanka shi daidai girman zabibi, kuma wanda ya riƙe launin ruwan lemo mai haske an adana shi ne da sinadarin salfa, wanda yakan tayar wa wasu masu asma ciwonsu, yayin da wanda ba a saka wa ba yake yin duhu. Dabino da ɓaure suna da zaƙi sosai kuma ba su da tsami, don haka idan su zan saka, ina rage farin sukari da kamar giram 25, kuma masu laushinsu ba sa buƙatar jiƙo.

Dangin gyada ba su shiga rabon ruwa, nasu batun na mai ne da wuta. Ɗanyen walnot ko almon da aka binne cikin kwaɓi ba ya gasuwa, domin danshin da ke kewaye da shi ba ya barin zafinsa ya kai inda ƙamshi yake fitowa, sai ya turaru kawai ya yi lami. Don haka ake gasa su su kaɗai tukuna, a digiri 175 na minti 8 zuwa 10, ana motsawa sau ɗaya, har ƙamshi ya tashi, sannan a bar su su huce gaba ɗaya kafin a daddatsa. Idan aka zuba su da zafinsu za su narkar da bota da cakulan, a koma gidan jiya. Walnot da pikan sun fi laushi kuma sun fi shiga jikin kukis, almon ya fi tauri, kashu yana da zaƙi amma ɗanɗanonsa yakan ɓace a gaban cakulan, gyada kuma tana da ƙarfin da yake danne kowa, wanda ba laifi ba ne idan ita ake so a ji. Ko wanne aka zaɓa, a ɗanɗana ɗaya kafin a zuba, saboda masu mai da yawa irin walnot suna saurin tsufa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan masu warin tsohon mai sun isa su ɓata tire guda. Idan kuma za a miƙa wa wani, ya zama wajibi a faɗa masa abin da ke ciki, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar dangin gyada, har abin ya kai ga toshewar numfashi.

A kan cakulan ba ni da doguwar magana. Ƙananan ɗigo-ɗigon da ake sayarwa don gashi an rage musu man koko domin su riƙe siffarsu a wuta, shi ya sa suke fitowa yadda suka shiga. Ni na fi son in sayi sanda in daddatsa da wuƙa, domin manyan gutsattsari suna narkewa su yi tafki, ɓurɓushin kuma ya bazu ko'ina. Tun da akwai zaƙin sukari da na 'ya'yan itace, baƙin cakulan mai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na koko shi ne yake daidaita al'amarin. Mai madara yana sa zaƙi ya hau kan zaƙi har mutum ya gundura a na biyu. Kirfa ma dalilin da ya sa na tsaya a rabin cokali ke nan, domin cikakken cokali yana dacewa da zabibi amma yana gardama da cakulan.

Wajen haɗawa, bayan an buga bota da sukari, ana saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kuma gara su kasance ba masu sanyin firij ba, don kada botar ta daskare ta yi gudaji. Sai a zuba fulawar da aka riga aka gauraya da soda da gishiri da kirfa, a juya da cokalin katako har sai ta kusa ɓacewa, a tsaya. Yawan juyawa bayan fulawa ta jiƙe yana tayar da gulutin, kukis ya yi tauri. Hatsi da sauran kayan su ne na ƙarshe. Akwai jarabar a ƙara cakulan, a ƙara gyada, a ƙara zabibi, tun da su ne abin marmari, amma na lura cewa idan jimillarsu ta haura giram 400 a wannan awon, kwaɓin ba ya isa ya riƙe su, kukis ɗin yana wargajewa a hannu.

Daga nan sai matakin da ya fi kowane wuya, ba don yana da aiki ba, sai don ba shi da shi: a rufe kwanon a saka a firij. Mafi ƙaranci awa ɗaya, amma kwana guda ya fi. Abubuwa biyu suke faruwa a wannan hutun. Botar tana sake daskarewa, ta yadda idan ta shiga obin gefen kukis zai riga ya kama kafin ta narke gaba ɗaya. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nau'in, hatsin ot mai kauri yana samun lokacin shan nasa rabon a hankali. Fulawa gari ce, nan take take jiƙewa, amma ƙwayar hatsi sai ta ɗauki sa'o'i. Na taɓa raba kwaɓi ɗaya gida biyu, na gasa rabi nan take, rabi kuma washegari. Na farkon ya baje, ƙwayoyin hatsinsa suna da gari-gari a baki. Na biyun ya fi kauri, ya fi duhu, hatsin ya yi taushi mai daɗin tauna, ɗanɗanonsa kuma ya zurfafa kamar an ƙara masa wani abu alhali ba a ƙara komai ba. Ya fi sauƙi a dunƙula kafin a saka a firij, domin kwaɓin da ya kwana yana yin tauri har ya lanƙwasa cokali. Kuma duk yadda ƙamshinsa ya kai, ba na ɗanɗana ɗanyen kwaɓi, saboda ba ƙwai kaɗai ba, ita kanta ɗanyar fulawa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da wuta ce kawai take kashe su.

Obin ina kunna shi minti 20 kafin lokaci, a digiri 175, ko 160 idan mai fanka ne. Yawancin obin na gida ba sa faɗin gaskiya game da zafinsu, nawa yana haura abin da aka saita da kusan digiri 15, kuma ban sani ba sai da na rataya ƙaramin ma'aunin zafi a ciki. Ina shimfiɗa takardar gashi maimakon shafa mai, domin man da aka shafa yana ƙara sa kwaɓi zamewa. Ina barin tazarar yatsu uku tsakanin dunƙule da dunƙule, in ɗan danna kowanne da tafin hannu tun da kwaɓin ot mai sanyi ba ya bajewa da kansa sosai, in kuma tura duk zabibin da ya leƙo waje ya koma ciki. Tire ɗaya a lokaci guda, a tsakiyar obin, a juya gabansa baya idan an kai rabin lokaci. Kada a ɗora sabon kwaɓi a kan tiren da ya fito daga wuta, sai ya huce.

Minti 11 zuwa 13 suke ɗauka, kuma sanin lokacin fitarwa shi ne abu na ƙarshe da na koya. Idan kukis ya yi kama da wanda ya nuna tun yana cikin obin, to ya riga ya wuce. Ana fitar da shi ne lokacin da gefuna suka yi ruwan ƙasa suka tsaya, tsakiyar kuma tana nan a kumbure, da ɗan sheƙi, kamar tana buƙatar ƙarin minti 2. Zuciya za ta ce a mayar, amma zafin tiren zai ƙarasa aikin a cikin minti 5 da za a bar su a kansa, kafin a kwashe zuwa ragar waya don iska ta ratsa ƙasansu. Waɗannan minti 2 da aka hana su, su ne ragowar ruwan da zai sa tsakiyar ta yi taushi gobe.

Idan sun huce sarai, ina zuba su a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, inda suke kai kwana 4 ko 5. Guntun burodi a cikin mazubin yana ba su danshinsa ya bushe a madadinsu. Sauran ɗanyun dunƙulen kuma ina daskarar da su a firiza a kan tire, in juye a leda, kuma suna kai wata 3. Ana gasa su kai tsaye ba tare da an jira sun saki ba, a ƙara musu minti 2 kawai. Wani ya taɓa tambayata ko waɗannan kukis abincin lafiya ne tun da hatsin ot ne a ciki. Gaskiya ne cewa ot yana da wani nau'in faiba mai narkewa, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya sarrafawa, da ake kira beta-gulukan, wanda tun a 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwali cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, idan ana samun giram 3 a rana. Amma kowane kukis ɗaya a nan hatsin da ke cikinsa bai kai giram 9 ba, ga bota giram 7 da sukari sama da giram 9 a tare da shi, don haka amsar da na ba shi ita ce kayan marmari ne.

Gwajin da nake kai yanzu shi ne na soya botar a tukunya har ƙwayoyin madarar da ke cikinta su yi ruwan ƙasa su ba da ƙamshi mai kama da na gasasshiyar gyada, sannan a bar ta ta sake daskarewa kafin a buga ta da sukari. Ƙamshin yana tafiya da hatsin ot ƙwarai, amma karon farko kukis ɗin sun fito suna marmashewa, domin tafasar ta kori kusan duk ruwan botar, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da kwaɓin yake da shi. A karo na biyu na auna tukunyar kafin da bayan suya, na ga giram 38 sun tafi, sai na mayar da babban cokali 2 na madara tare da ƙwai, kuma kwaɓin yana firij tun daren jiya.